Rediyona daga Arkilla zuwa Mabera ya tsaya -76, ku taimaka

Baban Nana: Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin aikin ga ku taimaka min. Ina da shagon kwamfuta Arkilla inda Starlink ɗina yake, kuma na buɗe wani ƙaramin shago Mabera, ina son intanet ɗin ga shi kai can kuma in riƙa ganin kyamarorin can daga nan. Na sawo rediyo mai faranti na kai intanet nesa, LiteBeam 5AC Gen2, guda 2, ɗaya bisa benen da shagona yake, ɗaya bisa ƙarhen tankin ruwa Mabera da fol mita 3. Google Earth ya ba ni kusan kilomita 6. Sun ga juna, sun haɗu, amma sigina ya tsaya -76 wani lokaci -79, da marece in iska ya taso sai shi yanke gaba ɗaya. Kwana 3 ke nan muna hawa muna sabka ni da yarona. Mi za ni yi?

Ɗan Runji: Wa alaikumus salam. Ka shiga cikin saitin ka ƙure mai pawa, ka kai shi ƙarshe duka gefe biyu. In bai yi ba LiteBeam ta yi ƙarama, ka maida ka ɗauko PowerBeam ko ka zaka in ba ka MikroTik LHG, ni ita nika aiki da ita ba ta ba ni ciwon kai.

Injiniya: Wa alaikumus salam Baban Nana. Kada ka maida komi tukuna, kada kuma ka taɓa pawa. LiteBeam ba ta yi ƙarama ga kilomita 6 ba ko kaɗan. Bari mu yi lissahi da kai. Iska da tazara na cinye kusan dB 123, dB shi na ma'aunin ƙarhin sigina, ga kilomita 6 in kana kan 5.8GHz. Kowane faranti naka na ƙara 23, biyu 46 ke nan. In rediyo na hidda 20, to 20 da 46 sun zama 66, ka ɗebe 123, saura -57. Ke nan abin da ya kamata ka gani -57 ne zuwa -60, kuma ga irin lambar ga -57 ya hi -76 ƙarhi. Kai kuma kana ganin -76. Akwai kusan dB 19 da sunka ɓace tsakanin Arkilla da Mabera, kuma kowane dB 3 rabin ƙarhi na, ka ga abin da ka iso maka bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da ya kamata ba. Su za mu nema. Ƙarin pawa 4 ko 5 ba shi biyan bashin 19.

Ɗan Runji: Injiniya ranka shi daɗe, ni ban san lissahin ga ba amma na sha ƙara pawa abu shi tashi.

Injiniya: Shina tashi ga lamba, na yarda. Amma kamar mutum na da ya ba ka baya shina magana, ba ka jin shi sosai sai kac ce shi ɗaga murya, maimakon ka ce shi juyo. Kuma in ka ƙure rediyo, saurin da shika iya ɗauka na raguwa don manyan matakan sauri ba su son a ƙure su, ga damun maƙwabta da ke kan tasha guda da kai. Baban Nana ka ba ni amsar abu 3. In ka hau benen Arkilla kana ganin tankin Mabera da idonka? Chain 0 da chain 1, wato hanyoyin sigina biyu da ke cikin rediyon, nawa nawa suka nunawa? Kuma ƙaƙa kunka yi saitin, kowa na juya nashi lokaci guda?

Baban Nana: Gaskiya ban ganin tankin, hazon ga bai bari ka ga ko kilomita 1 da sahe. Na dai dubi wajen Mabera nis saita. Chain 0 -75, chain 1 -84. Saiti kau ina nan ina juyawa yarona na can shina juyawa muna waya, da munka ga ya haɗu sai munka ɗaure noti.

Injiniya: To ga matsala biyu nan ta hito hili. Ta hwarko, ba a juya faranti biyu lokaci guda, ba ka sanin wa yag gyara wa yaɓ ɓata. Ta biyu, tazarar 9 tsakanin chain biyu ta yi yawa, in layi na da tsabta bai cika wuce 2 ko 3 ba. In ya wuce 5 ko dai wani abu ya tare hanya, ko fol ɗin ɗayanku ya karkace, ko kuma ba tsakiyar haskensu ta haɗu ba.

Ɗalibi Dundaye: Malam Injiniya don Allah mene ne tsakiyar haske? Ni ina karatun kwamfuta ne amma ba mu taɓa hawa fol ba.

Injiniya: Ka ɗauki tocila ka haska bango da dare. Akwai tsakiya mai haske ƙwarai, sannan akwai zobe-zobe masu rauni kewaye da ita. Faranti haka shike. In kana juyawa sigina kan tashi kaɗan, shi sabka, sannan shi tashi da ƙarhi, shi sabka, shi sake tashi kaɗan. Mutane da yawa da sun ci karo da ƙaramin tudun hwarko sai su ce alhamdulillah ya kama su ɗaure noti, alhali babban tudun na gaba kaɗan. Shi yasa nika cewa ka san lambar da kaka nema tun kana ƙasa. Wanda ya san -58 shika nema ba shi tsayawa -76. Kuma ku lura, ga kilomita 6, digiri 1 kacal in ka kauce, can ɗaya gefen ka kauce da mita 100 da 'yan kai. Ɗan motsin da hannunka ba shi ma ji ba, can ya tsallake gidaje 5.

Malama ICT: Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da nake so in ƙara shi ne bishiya. Mun yi irin wannan aikin a makarantar da nake koyarwa, tsakanin ofis da ɗakin kwamfuta na ɗaya harabar, muna ganin farantin can da idonmu tar amma abu ya ƙi daɗi, ashe kan dogon yaro ne ya shigo kusa da layin duk da bai rufe shi ba. Baban Nana tunda ka ce yana yankewa idan iska ta taso, ni zargina yana kan ganye. Tanki da fol mita 3 nawa ne tsawonsu gaba ɗaya?

Baban Nana: Malama tankin zai yi mita 6, da fol 9 ke nan. Kuma gaskiya akwai dogon yaro manya guda 2 yamma da shagon, cikin gidan maƙwabci, wajen mita 150.

Malama ICT: To ka gani, yamma kuma nan ne wajen Arkilla. Dogon yaro babba yana kai mita 15 har ya wuce. Farantinka a cikin ganye yake kallo.

Injiniya: Malama ta hwaɗi gaskiya, kuma abin da tag gani makarantarsu shina da suna, yankin Fresnel, sunan wani Bafaranshe masanin haske. Sigina ba zare na ba da ka tahiya miƙe siriri, shina kumbura tsaka kamar ƙwallon gwanda ko in ce kamar jirgin ruwan Goronyo, siriri baki da baki, mai ciki tsakiya. Ga kilomita 6 kan 5.8GHz, daidai tsakiya hwaɗin daga layi zuwa ƙasa ya kai kusan mita 9, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 shi zam wayam, wato mita 5 da ɗan abu ba gini ba icce. Ga mita 150 daga faranti kumburin bai kai haka ba, wajen mita 2 da rabi na, amma ko nan sai ka wuce kan iccen da mita 2 kahin ka samu lahiya. Tsakanin Arkilla da Mabera kuma gari na tsundum, benaye da hasumiyar masallatai da tankuna.

Ɗan Runji: To ai shi yasa nic ce a sawo babba. Ko a koma rediyon 2.4GHz, ita tana ratsa icce.

Injiniya: Ta hi 5 haƙuri da ganye kaɗan, haka na. Amma kumburinta ya hi girma, ga kilomita 6 ya wuce mita 13, kuma 2.4 cikin garin Sakkwato ta cika maƙil, kowace MiFi da kowace wayar da anka kunna hotspot nan take, tashoshi 3 ɗai gare ta da ba su hawa juna, 1 da 6 da 11. Babban faranti kuma haskenai ya hi siriri, wanda bai samu tsakiyar LiteBeam ba PowerBeam za ta hi ba shi wahala. Ni ba ni da faɗa da MikroTik, kaya na masu kyau 'yan Latvia, manhajar saitinsu Winbox na ba ka abin da duk kaka so, amma ko LHG ka aza bayan dogon yaron ga -70 da wani abu za ka gani.

Ɗan Runji: Wannan na yarda. Amma a hwaɗi gaskiya ita dai ta hi ƙwari ga zahin garin ga.

Mai Sola: Zahi ba shi ka kashe su ba Ɗan Runji, takardar LiteBeam ta ce tana ɗaukar har digiri 70. Ni abin da nig ga shina kashe rediyo garin ga waya ta da ruwa da tsawa. Bara wani mai shago ya saida min kwalin wayar LAN ta Cat6 da sunan jan ƙarhe zalla, da nik kankare da wuƙa sai ga hwarin alminiyam ciki, an shahe shi da ja. Ga ta ta cikin ɗaki, rana guda ta Afrilu ta isa ta hwara busar da robar, kahin damina ta tsattsage, ruwa ya bi cikinta kamar tiyo har cikin PoE, wato adaftan da ka ba rediyo wuta ta wayar LAN, sai wari munka ji. Baban Nana ka sayi baƙar waya ta waje mai rigar ƙarhe ciki, kada ta wuce mita 100, ka yi mata ɗan lanƙwasa ƙasa kahin ta shiga bango don ruwa shi ɗiga waje. Kuma ka duba wurin LAN, in ya rubuta 100 maimakon 1000 to kan wayar bai matsu da kyau ba, ka yanke ka sake.

Baban Nana: Mai Sola tawa ma hwara ta ta cikin ɗaki wallahi. Kuma 100 ya rubuta gefen Mabera.

Mai Sola: To ka canza ta tun yanzu da za ku sake hawa, aiki guda. Wutar kuma 24V ta, ka yi amfani da PoE ɗin da yaz zo cikin kwali, kada wani shi ba ka na kyamara mai 48V irin wanda ba shi tambaya kahin shi tura wuta. Abin bai cin wuta, wat 7 na iyaka, ƙaramin batir da inbata sun riƙe shi kwana.

Malama ICT: Ni tambayata, sare reshen ba zai fi sauƙi ba a kan ƙara fol?

Baban Nana: Malama iccen na wani dattijo na, ƙarƙashinai shika zama da almajirai, ba ni iya buɗa baki in ce a sare. Ko an sare ma dogon yaro na, damina guda ya maido.

Injiniya: Ka yi daidai. Ga yadda nika ganin za a yi. Ka buɗe Google Earth ka ja layi daga benenka zuwa shagon Mabera, ka duba tudu da gangaren ƙasa, ka rubuta digirin da layin ya nuhwa. In daga Arkilla ya ba ka misali 95, daga Mabera 275 na, ka ƙara 180 ke nan. Kamfas ɗin waya na taimako amma ka ja baya daga tanki da kwano kahin ka duba, ƙarhe na ruɗa shi. Sannan ka duba ko in ka matsa fol zuwa ɗaya kusurwar ginin layin zai bi ta gefen iccen, sau da yawa matsawa mita 10 gefe ta hi ƙara mita 6 bisa sauƙi da arha. In ba hali sai mai walda shi yi maka fol mai ƙwari, fayif inci 2 mai kauri, da wayoyin ɗauri 3 ta kusurwa 3, don iskan hwarkon damina na Mayu da Yuni ba shi da wasa, fol mai rawa ko ka saita yau gobe ya kauce. Ka sa lebur na magina ka tabbata fol ya miƙe kahin ka aza faranti.

Alhaji Gawon Nama: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'aikacin rediyo ba na amma an yi min aikin ga gidana. Ɗana Baban Nana, kahin ku hau bisa ku aika a shaida ma maƙwabta, don wanda ya hau mita 12 cikin Mabera tsakar gidan mutane 10 shika gani, a ba iyali dama su shiga ciki. Kuma ku dubi wayar wuta kahin ku ɗaga fol, na san yaron da fayif ya taɓa babbar waya, Allah shi jiƙanai. Ku ɗaura igiya ga ƙugu, kada a hau da silifas.

Baban Nana: Amin Baba, na gode ƙwarai, in sha Allahu za a kiyaye. Wancan karon ma sai da nis sallama ma maƙwabcin amma ban aika sauran gidajen ba, yanzu za ni aika.

Ɗalibi Dundaye: Malam to hazo fa? Ba ƙurar ce take rage siginar ba? Na ga ko DStv yana ɗaukewa da hadari.

Injiniya: DStv na can sama da 10GHz, ruwan sama na cin wannan. Ga 5GHz da kilomita 6 ko ruwa kaɗan shika ragewa, hazo kau idonka ɗai shika hanawa, rediyo bai damu ba. Inda ruwa ka ɓarna shi na rediyon 60GHz, da kuma jiƙaƙƙen ganye in layinka na bin cikin icce, wanda shi na za ka ga aiki lahiya lau da rani, damina na sabka shi lalace. Don gane wuri cikin hazo, a kunna babbar tocila bisa fol bayan magariba, ko madubi da hantsi in rana ta hito.

Ɗan Runji: Wani abu kuma da ba a hwaɗi ba, tasha. Ka bar ta kan auto? Garin ga bankuna da makarantu da masu saida intanet duk suna kan 5.

Baban Nana: Auto take, hwaɗin tashar kuma 80MHz.

Ɗan Runji: To nan kam ni za ni ba ka shawara, ka sabko 20 ka yi saiti, in komi ya zauna ka gwada 40. 80 cikin gari kwashe-kwashen hayaniyar mutane ɗai za ta yi maka. Ka kunna airView, wato shahin da ka nuna cunkoson tashoshi, gefe biyu ka ga inda babu cunkoso ka kahe tashar nan da hannunka, kuma ka kulle na Mabera ga MAC, wato lambar shaidar na'ura, ta na Arkilla.

Injiniya: Wannan shawara ta yi, Ɗan Runji ya hi ni gaskiya nan. In ƙara, ka tsaya tsakanin 5725 da 5850 in akwai wuri, kuma ka sani haɗa shagonka da shagonka daban, saida ma jama'a intanet daban, wannan na biyun sai da lasisin hukumar sadarwa NCC. Wanda kuma zai kahe dogon ƙarhe wajen hilin jirgin Sultan Abubakar III sai ya nemi izinin hukumar jiragen sama NCAA, kai dai naka bai kai nan ba. Ranar saiti ga tsari. Na Mabera shi tsaya cik kada a taɓa shi. Kai ka sassauta notin gefe ɗai, ka buɗe Alignment cikin airOS, wato shahin saitin rediyon, ka kunna ƙarar, ka tahi dama a hankali har sigina shi mutu, ka komo hauni har shi mutu, kana tsayawa daƙiƙa 4 ko 5 ga kowane motsi don lambar ba ta canzawa nan take. Inda ya hi ƙarhi ka sa alama da maka ga fol. Sannan sama da ƙasa haka. Sai ka ɗaure, yaronka shi yi nashi, sannan ka sake zagaye guda. Wurin ɗaure noti idonka na kan lamba, kaɗan nan kaɗan can, don sifana kan ja faranti ta ci maka dB 2 ko 3 ba ka sani ba. Kuma kada ka tsaya gaban faranti, ta baya aka aiki.

Baban Nana: Jama'a barkanmu da Asabar, ga rahoto. Mun hwara bayan sallar asuba kahin ƙarhe shi yi zahi. Mun matsa fol zuwa kusurwar kudu ta ginin, mai walda ya ƙara muna ya zama mita 12 daga ƙasa, da wayoyin ɗauri 3, mun canza waya baƙa, LAN ya koma 1000. Da munka kunna tun ba a saita ba -71. Ina juyawa dama ya sabka -80 har gabana ya hwaɗi na ce na ɓata, sai nit tuna maganar tudu nic ci gaba, sai ga -66, ƙarar na ta sauri. Ashe kwana 3 ɗin nan wajen Gagi farantina ka kallo. Sama da ƙasa ya ba ni 2, yarona ya yi nashi ya samo 4. Yanzu -60, chain -60 da -62, kan 40, kyamarori 4 duka suna hitowa ba tsinkewa, yara na can suna rajistar JAMB.

Malama ICT: Masha Allah, barka. Ka ɗauki hoton shafin ka ajiye da kwanan wata, idan damina ta zo ka kwatanta. Ka canza kalmar sirri kuma idan ba ka yi ba.

Ɗan Runji: Barka Baban Nana. -60 ga LiteBeam cikin gari aiki ya yi. Pawa nawa ka bari?

Baban Nana: 20 kamar yadda Injiniya ya lissahta, ban ƙara ba.

Injiniya: Alhamdulillah. Saura 3 tsakaninka da lissahi, wataƙila wani bene na ɗan taɓa kumburin tsaka, ka bar shi haka. Amma fol ɗinka yanzu ya hi komi tsawo layin nan, aikin at, wato sabko da tsawa cikin ƙasa, bai jiran damina. Sandar jan ƙarhe cikin ƙasa, waya mai kauri daga fol zuwa gare ta ba lanƙwasa da yawa, da abin kare tsawa na kan wayar LAN guda bisa kusa da rediyo guda ƙasa inda waya ka shiga ɗaki. Ƙasar Mabera busassa ta, a gina rami da zurhi a sa gawayi a jiƙa.

Mai Sola: Ina da sandar guda 2 shago, mai ƙahwa 6. Baban Nana in kana Mabera ran Litinin bayan la'asar in zaka da mita mu auna ramin tare.

Baban Nana: Ina nan in sha Allahu, za ni sa a hwara ginar tun gobe.